Kawu da Maganar Rabin Rai

Shekarar da aka buga ƙwallon duniya a Doha, lokacin da baƙi suka cika Kornish har aka hana motoci bin titin bakin teku, ita ce shekarar da na fara riƙe biro. Ina da shekara arba'in da huɗu. Wanda ya sa min biron a hannu shi ne Kawu, ƙanen mahaifiyata. Shekara uku bayan haka, ranar wata Talata bayan la'asar, Allah Ya karɓi abinSa. Daga gare Shi muke, gare Shi za mu koma.

A nan muka binne shi. Kwana uku muna zaman makoki a gidan da muke haya a Rayyan, mun shimfiɗa tabarmi tun daga ɗakinsa har bakin ƙofa. Direbobi suka zo, masu gadi suka zo, kowa da kayan aikinsa a jiki, don babu mai hutun kwana uku a garin nan. Duk Kawu suke ce masa, saboda a bakina suka ji.

Wani direba Bakatsine ya shafa addu'a, ya ce, "Allah Ya jiƙan Kawu. Mutumin kirki ne, amma a faɗi gaskiya, da safe bai iya gaisuwa ba."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, don kowa ya taɓa shan wannan. Abokin ɗakinsa, mutumin Zangon Kumasi da suka shekara shida tare, bai yi dariya ba. Yana gefe rungume da filas ɗin shayin Kawu, in an miƙa hannu za a karɓa sai ya zuba wa mutum da kansa. Injiniyan wurin aikinmu, wani dogon Basudane, ya zo rana ta biyu. Ya ce tun da yake aiki bai taɓa haɗuwa da wanda ya dame shi da tambaya kamar Kawu, mai gadin ƙofarsa, ba. Da ya faɗi haka sai ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa.

Rana ta uku Inna, mahaifiyata, ta kira daga Zariya. Ita ce babbar yayarsa, ita ta goye shi. Ba ta yi kuka ba.

Ta ce, "Ka haɗa kayanka ka dawo. Injin nan na wurin aikinku ya ci rabin ran ƙanena, ba zan zauna ya ci naka ba."

Na ce, "Inna, likita ya ce zuciya ce."

"Likitan a gidan injin yake aiki ko ba a can ba?"

Ban taɓa tsallake maganar Inna ba, kuma ba da furfura zan fara ba. Na dai roƙe ta ta bar ni zuwa sadakar arba'in. Ta ce ta bar ni, kwana arba'in ba shekara ba ce.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne, wannan magana ta rabin rai daga bakina ta fita.

Kawu malamin kimiyya ne a wata sakandare a gida, shekara ashirin da wani abu, kafin ya zo nan ya sa kakin gadi. Aka ajiye shi a ƙofar wani gini a bayan asibiti, inda injin da ke haɗa maganin hoton ciwon daji yake. Shi ya yi min hanya na zama direban da ke kai maganin wasu asibitoci. Akwati ne ƙarami mai nauyin tsiya, don cikinsa dalma ce. Wani ma'aikaci ke zama kusa da ni da takardu, ni nawa tuƙi. Lambobi na sani, hanya na sani, amma rajistar ƙofa da babban yatsa nake dangwala mata.

A makon farko na ga abin da ya ba ni mamaki. Na fito da akwati, na tsaya zan gaishe shi yadda ɗa ke gaida kawunsa, sai ya ɗaga sandar ƙofa ya ce, "Yalla, wuce. Gaisuwa sai ka dawo."

Da na dawo na tambaye shi ko na yi laifi. Ya ce, "Ba ka yi ba. Abin da ka ɗauka ne ba ya jira. Yana da rabin rai."

Haka ya fassara kalmar da injiniyoyi ke faɗa da Turanci, yana sauri, ana kiransa a waya. Ni kuma ranar Juma'a da Inna ta tambaye ni wane irin aiki na samu, sai na ce, cikin jin kai, "Magani nake ɗauka, Inna, mai rabin rai." Ta tambayi maƙwabta, maƙwabta suka tambayi 'ya'yansu. Kafin sati ya zagayo magana ta zama cewa duk wanda ya kusanci injin, rabin kwanansa ya tafi.

Ta kira Kawu ta wanke shi tas. Ina tsaye ya ajiye wayar, ya dube ni ya ce, "Wanda bai yi karatu ba, ba a ba shi ajiyar magana. Kwando ne."

A gaban mutane ya faɗa. Mako uku ban shiga ɗakinsa ba. Ina wucewa ta ƙofarsa da safe, ya ɗaga sanda, ba na dubansa. Wannan ne faɗanmu na farko, kuma ba mu sake wani ba.

Ranar Juma'a ta huɗu ya same ni ina wanki. Yana riƙe da wata takarda a naɗe, da littafin rubutu, da biro biyu.

Ya ce, "Ɗan Yaya, ni ne kwandon. Shekara ashirin ina koyar da 'ya'yan mutane, ɗan 'yar'uwata na dangwala yatsa a gabana kullum. Kuma fassarar ma gurguwa na yi maka. Shanya kayan nan mu tafi."

Muka shiga jirgin ƙasa zuwa Kornish, muka zauna a kan ciyawa muna kallon jiragen katako da aka ɗaure. Ya warware takardar. Jadawalin sinadarai ne, irin wanda ake liƙawa a aji.

Ya ce, "Wannan gidan haya ne, ɗaki ɗari da goma sha takwas. Duk abin da ka taɓa gani a duniya, ɗan hayar gidan nan ne, ko kuwa haɗin gambizarsu. Ga ƙarfe a ɗaki na ashirin da shida. Ga azurfa. Ga dalmar akwatinka. Lambobin ka iya. Sunayen da ke ƙofa za mu koya."

Da haruffan ƙofofin nan na koyi karatu. Ya nuna min ɗakin zinariya, an rubuta Au. Ya ce Turawa sun sa mata haka ne don duk wanda ya gan ta sai ya ce au. Na yi wata biyu ina ɗauka da gaske yake. Wata rana ya sa yatsa a ɗaki na talatin da ɗaya, sannan na ashirin da takwas, ya ce in haɗa. Na yi ta lalube. Ga. Ni.

"Ga ni," na ce.

Ya ce, "To, sannu da zuwa. Mun daɗe muna jiranka."

Ita ce magana ta farko da na karanta a rayuwata. Daga nan muka shiga farautar Hausa a cikin jadawalin. Muka samo Ni Ne, muka samo Ta Ce, muka samo Ba Ni. Da harafi ya zauna min, sai ya ce kowace Juma'a ɗaki ɗaya, a jere, in karanta abin da ya rubuta min a kansa, in kwafe. In zafi ya yi yawa mu zauna a ɗaki, in azumi ya zo mu huta.

Mutumin Kumasi kan bi mu wani lokaci, don ya ce a Kornish ne kaɗai Kawu ke sakin dabino. Shi da Kawu ba sa rabuwa da tsiya. In ya ce min, "Mamanka ya kira," Kawu ya ce, "Ta kira. Ku mutanen Zango kun kori mata daga Hausa." Shi kuma ya ce, "Malam, saƙo ya iso ko bai iso ba?"

Da ƙwallayen dabinon nan Kawu ya nuna min aikin injin. Ya ce kowane sinadari ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kowace ƙwaya tana da cibiya, a cibiyar kuma akwai 'ya'ya. Adadin 'ya'yan shi ne lambar ɗaki. Ya tara ƙwallo takwas a tafin hannuna ya ce wannan iskar da muke shaƙa ce. Ya ɗauko ɗaya.

"In wannan ya shiga, sun zama nawa?"

"Tara."

"To ya tashi daga ɗaki na takwas ya koma na tara. Ba iskar shaƙa ba ce kuma, wani abu ne daban. Amma ba sa son baƙo. Yana matsowa suna ture shi. Sai an jefo shi da ƙarfin da ba za su iya tarewa ba. Ka taɓa korar tsuntsu a gonar gero?"

Na ce da majajjawa na girma.

Ya ce, "To abin da ke bayan bangon nan da nake gadi majajjawa ce. Maganaɗisu ne igiyar, shi ke sa ƙwayar ta yi ta kewayawa. Wutar lantarki ce hannun, kowane zagaye ta ƙara mata gudu. Da'irar na faɗaɗa, na faɗaɗa, sai a sake ta ta faɗa cikin ɗan ruwan da aka tanada. Abin da ya fito a ɗaura shi a kan sukari, a yi wa maras lafiya allura. Ciwon daji mayen sukari ne. Inda sukarin ya taru, nan na'urar hoto ke gani."

Ya ce tamu ƙaramar majajjawa ce, ɗan haya kawai take mayarwa ɗakin maƙwabci. Akwai manya a Rasha da Jamus da Japan da Amurka, waɗanda ke cika ɗakunan da babu kowa. Ya nuna min ɗaki na arba'in da uku, ya ce an daɗe ana ganinsa a rufe, sai da irin wannan inji ya samar masa ɗan haya. Ya nuna na casa'in da biyu, yuraniyam ɗin da ake haƙa a Nijar, ya ce daga nan zuwa sama kusan duk sai an haɗa. Ana ɗaukar mai ashirin, wanda ke cikin ƙashi da alli, a yi ta harbin mai casa'in da takwas da shi.

"Lissafa."

"Ɗari da sha takwas."

"Ɗakin ƙarshe ke nan. Wata da watanni ana harbi, dare da rana. Kusan duk suna wucewa ta gefe, waɗanda suka yi karo kuma su tarwatse. A ƙarshe a samu 'yan ƙwayoyin da ba su kai yatsun hannu ba. Su ma kafin ka ƙifta ido sun watse."

Mutumin Kumasi ya ajiye kofinsa. Ya ce, "Malam, ka yi hankali. Halitta na Allah ne."

Kawu ya ce, "Ta Allah ce. Magini ya taɓa halittar ƙasa? Tubali yake ɗorawa kan tubali. Wanda Ya yi tubalin, Shi Ya yanke iya inda ginin zai tsaya."

"To abin da bai kai ƙifta ido ba, mi amfaninshi?"

Kawu ya dubi ruwa. Sannan ya ce, "Ban sani ba, Zango. Ban san duk amfaninsa ba. Amma ya zo, an gan shi, an rubuta shi a ƙofa. Mu nan da muka shekara goma a garin mutane, wa ya rubuta mu?"

Rabin ran kuwa da dabino sha shida ya warware min shi. Ya jera su a kan hankici ya ce wannan ƙarfin maganin ne lokacin da ya fito daga inji. Ya ce awa biyu saura minti goma ta wuce, ya kwashe takwas ya ba mutumin Kumasi. Wata awa biyu saura minti goma, ya kwashe huɗu. Sannan biyu. Sannan ɗaya.

Ya ce, "Ka gani? Ran maganin ne ke raguwa, ba na mai ɗaukarsa ba. Ga dalma tsakaninku, ga bajo a ƙirjinka da ke auna ko ƙarfin maganin ya taɓa jikinka. Da na ce maka rabin ƙarfi, da Yaya ba ta zage ni ba. Duk mintin da ka tsaya tambayata ya gida ya iyali, daga allurar wani kake ɗiba, shi kuma yana can kwance tun safe bai ci komai ba yana jiranka."

Wannan ne dalilin rashin gaisuwarsa. Amma bai taɓa cinye wa kowa ita ba. In ka dawo da rana sai ya fito daga ɗakin gadi, ya riƙe hannunka, ya faro tun daga an tashi lafiya, ko da azahar ta gota. Ya tambayi maiɗakinka, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, har akuyar da ka taɓa ce masa ba ta da lafiya. Bakatsinen nan da kansa ya taɓa cewa gara a bar shi da ta safen, ta rana cinye masa lokacin abinci take.

Ya sha gwada yi wa Inna bayani. Sai ta ce, "Ni za ka koya wa rai? Ni na wanke maka kashi." Ya yi dariya ya bar zancen. Ya taɓa ce min, "Yaya ba za ta ji daga bakina ba. A wurinta har yanzu goye nake. Kai ka kai mata maganar, kai za ka karɓo ta."

Juma'arsa ta ƙarshe mun yi ɗaki na ɗari da uku. Ya ce kafaɗarsa na masa nauyi, ya ɗora laifin a kan matashi. Ranar Talata ya dawo daga masallaci, ya ce wa mutumin Kumasi ya ɗora ruwan shayi, ya kishingiɗa. Ruwan bai tafasa ba.

Ana saura kwana biyar arba'in, injiniyan ya kira ni ofishinsa. Na riga na gaya masa halin da nake ciki tun bayan kiran Inna. Ya ba ni takardar awon bajon Kawu, na duk shekarun da ya yi a ƙofar, ya bi layi-layi da ni. Na zauna kwana uku ina mayar da ita Hausa a littafina, ina gogewa ina sakewa.

Ranar sadakar, bayan an watse, mutumin Kumasi ya miƙo min waya. Ya ce, "Mamanka ya kira."

Na ce, "Ta kira."

Muka dubi juna. Ya juya ya fita tsakar gida.

Kiran bidiyo ne, ƙanwata ke riƙe mata wayar. Inna ta kira sunana, na ce ga ni. Na jingina wayar da filas ɗin Kawu, na shimfiɗa hankici, na jera dabino sha shida. Na yi mata yadda ya yi min. Tana kallo har saura ɗaya.

Ta ce, "Waɗanda ka kwashe, wa ya ci?"

"Ba wanda ya ci, Inna. Da kansa yake hucewa, kamar garwashi."

"Wannan wayonsa ne. Tun yana yaro da tsakuwa yake ruɗa mutane."

Na ce akwai takarda. Ta ce a ba ƙanwata ta duba. Na ce a'a, ni zan karanta mata.

Inna ba ta taɓa ji na yi karatu ba. An gaya mata ina koyo, ta ɗauka irin koyon da manya ke farawa su bari ne. Na buɗe littafin na fara, a hankali, yatsana a ƙarƙashin layi. Na karanta mata cewa abin da bajon ya auna a jikinsa bai ko kusanci iyakar da aka sa wa ma'aikata ba, shekara bayan shekara. Na karanta mata abin da likita ya ce game da zuciyarsa. Sannan na rufe littafin na tuna mata mahaifinsu, wanda ya kishingiɗa a gindin ɗorawa bai tashi ba, shi da bai taɓa ganin inji ba sai na niƙa.

Na zaci layi ya yanke. Ƙanwata ta ce, "Tana nan."

Inna ta ce, "Haka yake tsayawa a tsakiyar kalma ya ja numfashi. Shi ya koya maka har da wannan?"

"Ban san ina yi ba."

Sai a lokacin ta yi kukan da ba ta yi ba kwana arba'in. Muka bar ta. Da ta share fuska da gefen mayafi ta ce, "Ɗakunan nan da kuke ta shiga, kun gama?"

"Saura sha biyar."

"Wa zai shiga da kai?"

"Ya bar min takardar. Injiniya ya ce in na maƙale in zo."

Ta ce, "To ka zauna ka gama. Ba na son a ce ƙanena ya bar aiki rabi." Har ƙanwata za ta kashe wayar, ta ƙara da cewa, "Kuma ka daina tsayawa surutu da maganin mutane a hannu."

Ina nan a kan aikina. Wani bawan Allah daga Sakkwato aka sa a ƙofar. Ran farko ya tare ni da gaisuwa mai tsawo, na ce masa ya yi haƙuri sai na dawo. Na ga ransa bai so ba. Da rana na je na biya shi bashin gaisuwarsa, na kuma tafi masa da dabino sha shida.

Na rubuta wannan da hannuna a littafin da ya saya min, na huɗu a jerinsu, don kada a ce ya zo garin nan ya tafi ba a rubuta shi ba. Allah Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa abin da ya koyar ya bi shi.

Inna ta rasa ƙanen da ta goya, shi ne na ƙarshe cikin su biyar. Matarsa ta rasa miji. 'Ya'ya mata uku sun rasa uba, ƙaramar bai ga ɗanta ba sai a waya. Mutumin Kumasi ya rasa abokin ɗaki na shekara shida. Direbobi bakwai sun rasa gaisuwar rana. Ni na rasa kawu ɗaya da malami ɗaya, da Juma'a goma sha biyar.